Abin da Tiyo Ya Ƙirga

Verlene Haskew ce ta fara ganin tiyon, domin babu abin da ke motsi a mahaɗar Dutsen Zaitun da ba ya bi ta gaban tagar kicin ɗinta. Da hantsin wata Litinin farar a-kori-kura ta ma'aikatar hanyoyi ta tsaya a bakin titi, mutum biyu suka sauko, suka shimfiɗa baƙin tiyo guda biyu a gicciye kan kwalta, suka kafe su da ƙusa, suka jona bakinsu da wani akwatin ƙarfe da suka ɗaure da sarƙa a jikin falwaya. Suka shiga mota suka yi gaba. Ko kofi ba su shigo sun sha ba, kuma a wurin Verlene wannan kaɗai ya isa a sa wa mutum ido.

Shekara talatin da ɗaya gidan abincin Haskew yana tsaye a wannan kusurwa, inda hanyar Dutsen Zaitun ta ratsa babbar hanyar da duk gundumar Tolliver ke kira Layi Huɗu. Marigayi mijinta Doyle ne ya gina shi da hannunsa, yana tashi daga aikin injin katako yana zuwa yana ɗora bulo. Shi ya dasa ɓauren da ke bakin ƙofar kicin, shi ya kafa kantar da gwiwar hannun direbobi ta goge har ta yi santsi. Tun da ya rasu, shekara tara ke nan, Verlene ba ta canza ko ƙusar rataya tawul ba. Ba ta da wani abu da take kira nata sai wannan gini, kuma ba ta ɓoye wa kowa cewa ranar da aka raba ta da shi an gama da ita.

Maganar ɗaga Layi Huɗu ta kai matsayin manyan hanyoyin tarayya, masu allon nan shuɗi mai jan kai, ta girmi duk ɗan makarantar da ke gundumar. Duk zaɓe sai an ciro ta an kakkaɓe, ana gama zaɓe a mayar da ita akwati. Bana sai ga kuɗi sun fito da gaske, Washington ta ɗauki kaso mai tsoka, jiha ta cike sauran. A taron da aka yi a zauren wasanni na makarantar sakandare, wata siririyar injiniya mai suna Mis Renfro ta tsaya gaban taswira ta faɗa musu abin da bai taɓa zuwa ransu ba duk shekarun da suka yi suna tafa wa alkawarin. Irin wannan hanya ba a faɗa mata daga ƙofar gida, ba a tsallaka ta da tarakta. Shinge za a ja dama da hagu, a toshe duk wata mahaɗa, shiga da fita sai ta gadar sama mai mashigai. Kuɗin da aka ware wa Tolliver kuwa na gada ɗaya ne, ko a Dutsen Zaitun, ko a hanyar Sugg, mil huɗu gaba. Ta lissafa abubuwan da za a duba, ƙarfin ƙasa da hanyar ruwa da ƙirgar motoci ta mako guda. Ƙirgar kaɗai mutane suka tafi da ita gida, domin ita suka gane. Aikin tiyon ke nan, nan da Sugg, ya ƙirga duk motar da ta taka shi.

Verlene ta gama nata lissafin tun matar ba ta rufe baki ba. In gada ta zo Dutsen Zaitun, duk mai jin yunwa a ƙofarta zai sauka. In ta tafi Sugg, za ta riƙa kallon tireloli suna wucewa ta bayan shinge tana soya wa kanta tarwaɗa. Ta kuma san ko na wane ne filayen nan huɗu na mahaɗar Sugg da babu komai a cikinsu sai ciyawa da tsohon allon talla. Na surukan Wendell ne.

Wendell ƙanin Doyle ne, kansila a majalisar gunduma, mai motocin dakon hatsi guda shida. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, mai yawan duba agogo, ita kuwa Verlene ba ta yarda da namijin da ba ya ɗaga murya ba. Tun mako biyu bayan binne Doyle, da ya zo yana tambayarta ko za ta iya riƙe wurin ita kaɗai, ta ajiye shi inda ta ajiye shi. Shi ya ce tausayi ne ya kawo shi. Ita ta ce kwaɗayi ne, kuma ba ta sake duba maganar ba.

Da tsakar ranar da aka shimfiɗa tiyon ya shigo, ya hau kujerar da ya saba, ya ajiye hula kan kantar.

"Matar yaya, a zubo min tarwaɗa da burodin masara. Kada Odessa ta ƙona shi irin na jiya."

"Jiyan ma haƙoranka ne suka tsufa," in ji Odessa daga bakin kasko. Ita ce mai girkin gidan, shekararsu ashirin tare da Verlene, kuma duk labarin da ya shigo gundumar ta kunnenta yake fara bi.

Verlene ta dangwara masa faranti. "Kansila, ka ga baƙonmu a waje?"

"Na gani." Ya waiga ya tabbatar babu mai saurare, sannan ya ƙara rage muryar da dama ba ta da yawa. "Verlene, ki bar tiyon nan ya ƙirga abin da ya gani. Kada ki ƙara masa ko keke."

"Wa ya ce maka zan ƙara masa?"

"Ai na san ki."

"To don me zan bar shi?"

"Ba zan iya faɗa miki ba. A zaman sirri aka yi maganar, kuma an rantsar da mu. Ke matar wana ce. In aka ji na buɗe miki baki, komai ya lalace."

"Komai na wa?"

Ya duba agogo. Verlene ta ga dubawar, ta kuma ga bai amsa ba, ta haɗa biyun ta adana.

Washegari motocin Wendell ba su bi ta mahaɗar ba. Shekara goma sha biyar duk safiya sai sun wuce su shida a jere, har kofuna na rawa a kan kantar. Verlene ta tsaya bakin taga har rana ta ɗaga, babu ko ɗaya. Wajen ƙarfe goma Odessa ta ajiye waya ta goge hannu a jikin rigarta.

"'Yar ƙanwata ta gan su. Ta tsohuwar hanyar injin auduga suke zagayawa. Mil goma sha ɗaya, da tsadar man nan."

"Ta Sugg suke ɓulla?"

"Ba ta ce ba. Amma in ba ta Sugg ba, ta ina?"

Abin ya yi wa Verlene ciwo fiye da yadda ta zata. Ashe duk shekarun nan da take zarginsa, can ƙasan ranta tana fatan a ce zargin ba gaskiya ba ne. Yau ga shi ya kwashe motocinsa daga tiyonta ya kai wa na surukansa, bayan ya zauna a kantar wansa ya ci abincinta ya ce mata ta naɗe hannu. Ta zauna kan buhun garin masara kamar minti biyar. Da ta tashi ba ta rubuta komai a allon abinci ba, ai ba wawiya ba ce. Odessa kawai ta faɗa wa cewa duk wanda ya taka tiyo sau goma yana da farantin tarwaɗa kyauta, kuma faɗa wa Odessa magana ya fi sa ta a rediyo.

Kafin yammacin Laraba mahaɗar Dutsen Zaitun ta koma kasuwa. Tsofaffin da aikinsu zaman benci a ƙofar shagon aski suka sami sana'a, su tsallaka, su juyo a harabar coci, su sake tsallakawa. Wani tsohon makanike ya bayyana wa jama'a cewa tiyon ba mota yake gani ba, ƙafafun mota yake ji, kuma mai ƙafa da yawa a layin manyan motoci ake rubuta ta. "Tirela ɗaya ta fi ƙanana uku daraja a idon mutanen ofis," in ji shi, ko da yake babu wanda ya san inda ya jiyo. Nan da nan kowa ya ɗaura wa motarsa wani abu a baya, wani amalanken ciyawa, wani kwalekwalen kamun kifi, wani kejin shanu babu shanu. Fasto ya ba da aron motar coci, ya ce shi bai ga komai ba, idonsa a rufe yake yana addu'a. Mai gidan jana'iza ma ya fito da doguwar baƙar motarsa babu gawa a ciki, sai motoci suka riƙa rakuɓewa gefe ana cire hula kamar yadda aka saba, har aka roƙe shi ya koma gida don yana rage saurin aiki.

Verlene ta soya kifi har idonta ya yi ja, kuma rabon da ta ji daɗi irin na makon nan tun Doyle na raye. Duk da haka ba ta saki jiki ba. Wani baƙo mai shuɗiyar mota da ya sha shayi mai ƙanƙara ya tafi, sai da ta rubuta lambarsa a bayan hannunta. Ta sa ido kan mai kawo burodi, domin matarsa 'yar wajen Sugg ce.

Ranar Juma'a Wendell ya zo ta baya, ya tsaya ƙarƙashin ɓauren, hula a hannu. Bai shigo ba sai da ta fito.

"Ki tsayar da haukan nan, Verlene."

"Ina motocinka, Kansila?"

"Da gangan na janye su."

"Ai na sani."

"Ba ki sani ba. Yawa ba alheri ba ne a wannan wurin. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, kuma ko wannan ɗin na wuce gona da iri."

"Ba alheri ba ne ga surukanka."

Ya murza bakin hularsa. Bayansa wata tarakta ta wuce tana jan amalanke biyu, direban ya ɗaga musu hannu.

"Don darajar Doyle," in ji shi.

"Kada ka sa sunan Doyle a bakinka a gindin bishiyarsa."

Ya sa hularsa ya tafi. Ranar Litinin aka zo aka kwance tiyon, shi kuwa bai sake hawa kujerarsa ba.

Bayan mako uku Mis Renfro ta shigo da la'asar, lokacin da babu kowa sai ƙuda ɗaya da fanka. Ta nemi shayi mai ƙanƙara, ta shimfiɗa wata takarda a kan kantar.

"Mis Verlene, ke ce mai taga a wurin nan, shi ya sa na fara ta kanki. Shekara uku da suka wuce an ƙirga mahaɗar nan. Na bana ya ninka wancan sau uku, manyan motoci kuwa sau biyar. Akwai abin da ya faru a makon? Wani biki, ko an rufe wata hanya an juyo da mutane nan? In akwai ki faɗa min a sake ƙirgawa. Babu wanda zai shiga matsala."

Odessa ta daina kankare kasko. Verlene kuwa kalma uku ta ji, a sake ƙirgawa. Ta tuna ranar taron makaranta ta ga matar nan da Wendell a bakin ƙofa suna ƙus-ƙus. Wato da ya ga nasa bai ci ba, sai ya turo mata mai takarda da fara'a.

"Haka muke kullum, 'yata," ta ce, tana goge wurin da ba shi da datti. "Ku mutanen birni ne ba ku san mu ba sai kun zo da tiyo."

"Kin tabbata? Da wannan lambar zan yi zane. Girman gada daga lamba yake fitowa."

"To ki yi ta da girma."

Mis Renfro ta ninke takardarta. Ta je wajen Fasto, ta je shagon aski, ta je garejin makanike, ko'ina amsa ɗaya ta samu, domin wayar Odessa ta riga motarta isa.

Da kaka aka sake kiran taro a zauren wasanni. Verlene ta sa rigar da take zuwa coci da ita, ta zauna a layin gaba. Shugaban majalisa ya yi ta godiya ga mutanen da ba su zo ba, sannan ya ce an tsayar da magana, gadar Tolliver a Dutsen Zaitun za a yi ta. Zaure ya ɗauki tafi. Verlene ta nemi fuskar Wendell a teburin kansiloli, ta gan shi ya sunkuyar da kai, ta ji wani sanyi ya ratsa ta har ƙafa.

Da aka yaye ƙyallen da ya rufe sabuwar taswirar, ita ce ta fara isa gabanta da tabarau a hannu. Ta sami rafin, ta sami cocin, ta bi hanyar Dutsen Zaitun da yatsa har inda ta haɗu da Layi Huɗu. Ba ta sami gidanta ba. Inda ya kamata ya kasance, wani layi ne mai ruwan ɗorawa ya lanƙwasa kamar mariƙin kofi, cikinsa an shafe da kore.

Mis Renfro ta zo ta tsaya kusa da ita, ta yi magana a hankali. Da yawan manyan motocin da aka samu, ƙa'idar tarayya ba ta yarda da ƙaramar gada ba. Dole mashigan su yi zagaye mai faɗi don kada tirela ta kife, dole a ƙara layin rage gudu, kuma ba a barin ƙofar kowa a kusa. Kusurwoyi huɗun duka za a ɗauka. Za a biya diyya yadda doka ta tanada.

"Lambar nan ƙarya ce," in ji Verlene.

"Na tambaye ki, Mis Verlene."

"To yanzu ina faɗa miki."

"Zanen ya je Washington an sa hannu, kuma a kansa aka ɗaure kuɗin. In aka sake buɗe maganar ƙirga, Tolliver ta koma ƙarshen layi, ga gundumomi goma sha biyu suna jira. Ba zan hana ki ba. Amma sai majalisa ta rubuto, kuma sai da shaidu."

Verlene ta juya ta dubi zauren. Wasu sun ji, kuma waɗanda suka ji sun faɗa wa na kusa da su. Fasto ya sami wani abu mai muhimmanci a rufin zauren yana nazari. Makanike yana can yana ba mutane labarin wani kamfanin gidan mai da ya riga ya kira shi kan filin da ke bayan garejinsa, daidai inda shingen gada ya ƙare. Duk wanda ya ci tarwaɗarta a makon nan ya sami wurin da zai ajiye idonsa, kuma wurin ba fuskarta ba ne. Odessa kaɗai ta zo ta riƙe mata jaka.

Washegari da safe, kafin a juya allon ƙofa mai nuna an buɗe, Wendell ya ƙwanƙwasa. Ta buɗe masa. Ya hau kujerarsa, ya ciro wata takarda daga aljihun riga, wadda ninki ya kusa raba ta huɗu, ya shimfiɗa a kan kantar.

Zanen mahaɗar ne, da kwanan wata na tun kafin tiyo. 'Yar gada ce madaidaiciya, da mashigai huɗu miƙaƙƙu. A kusurwar kudu ga wani ɗan murabba'i da hanyar shigarsa, gefensa har da ɗan da'ira inda ɓauren yake.

"Yanzu an sanar, rantsuwa ta sauka," in ji shi. "Nan aka nufa tun farko. Filin Sugg fadama ne, ba ya ɗaukar gada, kowa a majalisa ya sani. Doka ce ta ce sai an auna wuri biyu. Ƙirgar nan girman gada kawai za ta nuna. Shekara biyu ina faɗa da su a kan ɗan murabba'in nan, suna ce min ina yi wa gidanmu aiki."

"Motocinka fa?"

"Shida ne, zuwa da dawowa sau huɗu a rana. Lambarki tana kusa da iyakar ƙaramar gada, na ji tsoro su sa ki wuce ta. Ba su taɓa bi ta Sugg ba, ta bayan ma'ajiyar hatsi suke fita."

Verlene ta sa yatsa kan ɗan murabba'in. Kunya ce ta fara kama ta, mai zafi, kafin baƙin cikin ya iso. Ta so ta sami wanda za ta ɗora wa laifi, ta duba ko'ina cikin ranta, kowace hanya ta bi sai ta dawo da ita gaban kaskonta.

"Da ka faɗa min yadda zan yarda," ta ce.

"Matar yaya, shekara tara ke nan. Wace magana na faɗa kika yarda?"

Bai jira amsa ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki takardar, ta danne ta.

"Bar min ita."

Ya bar mata. Ta ninke ta yadda ya ninke ta, ta sa a aljihun gaban rigarta, ta ɗauko kofi biyu ta zuba.

"Wendell, me za ka ci?"

Ya ɗago kai, domin ya manta rabon da ya ji sunansa a bakinta. Kafin ya amsa suka ji tsayuwar mota a waje. Farar a-kori-kura ce, mutum biyu suka sauko, ɗaya da abin awo mai ƙafa uku, ɗaya da damin turaku masu jan ƙyalle na shata filin gada. Mai turakun ya leƙo ta ƙofa da fara'arsa, ya ce an ba su labarin tarwaɗar gidan nan, in sun gama za su shigo. Ta taga Verlene ta ga ya durƙusa a gindin ɓauren Doyle, yana laluben wuri mai laushi da zai kafa na farko.